Ranar Gumbar Tsoho

Da sunan Allah nake farawa. Masu bibiyata, kun ji ni shiru, har wasu sun biyo ni da saƙo suna tambaya ko an ɗaura ne ban gayyace su ba. Ba a ɗaura ba. Rasuwa aka yi mana. Kakana ne, mahaifin Babanmu, Alhaji Attahiru dillalin shanu na kasuwar Illela, wanda mu jikoki muke kira Tsoho. Ku sa shi a addu'a. Abin da zan ba ku yau kuwa, da son raina ne da na haɗiye shi, amma na saba muku da gaskiya.

Tsoho ba mai magana ba ne. Karatunsa bai wuce abin salla ba, kuma bai taɓa jin kunyar hakan a gaban kowa ba. Dogo ne, busasshe, kullum cikin baƙin rawani, sandarsa a gicciye a bayan ƙugu. In ya shigo gida, hatta kaji sai sun nutsu. Kalmarsa ɗaya ce, "To." Da ita yake yarda, da ita yake ƙi, da ita yake korar mutum daga zaure. Babanmu da gemunsa da furfurarsa bai taɓa zama a tabarma ɗaya da shi ba.

Ni kaɗai ce ba na tsoronsa. Tun ina rarrafe nake cin tuwo a akushinsa. Da na yi wayo, in na gan shi yana tari sai in ce, "Tsoho, yaushe za mu sha gumba ne? An daɗe ana ja mana rai."

Sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ke da gumbata sai kin yi hurhura, ja'ira."

Ban san ko ana yi a garinku ba. A gidanmu, in tsoho ya cika da shekaru ya rasu, ranar sadakar bakwai ana daka gumba, jikoki su yi wasa. Ɗaya daga cikinsu ya sa kayan mamacin, ya yi tafiyarsa, ya yi maganarsa, a yi dariya, a yi kuka, a watse. Haka aka yi wa uban Tsoho, haka aka yi wa uwarsa. Da ciwo ya kwantar da shi a bana, wata rana ina ba shi fura a ludayi, ya riƙe min hannu ya ce, "Ran gumbata, ke za ki sa rigata. Sauran ba su iya ni ba."

Na ce, "Kai dai sha furarka."

Ya ce, "To."

Bai ƙara tayar da maganar ba har Allah Ya karɓi abinSa.

Waɗanda suka daɗe tare da ni sun san Jabir. Ga sababbi: shi ne wanda zan aura. Gidansu gidan malamai ne, suna da babbar Islamiyya a cikin gari, mahaifiyarsa Hajiya Ruƙayyatu ita ce ke karantar da matan aure. An kai gaisuwa, an karɓa, sa rana kawai ya rage rasuwar ta gitta. Mama ta ɗauki wannan aure kamar idonta. Kullum sai ta ce min, "Latifa, gidan ilimi za ki shiga, ki iya takunki. Mu 'yan kasuwa ne, a kanmu ido yake."

Ranar bakwai da safe ina shara saƙonsa ya shigo.

"Gimbiya, ya ƙarin haƙuri? Hajiya ta dawo daga Sakkwato jiya. Za ta shigo muku ta'aziyya bayan la'asar in sha Allah."

Na lissafa a raina: wasa da hantsi ake yi, kafin azahar an share wuri. Na amsa masa da "Allah Ya kawo ta lafiya," har da ɗan hoton fure.

Mama ta tare ni a bakin madafa, ta rage murya. "Kin ji ni ko? Kar in ga ƙafarki cikin wannan shirmen. Ga Shahida nan, ita ba ta da abin ɓatawa, ta sa rigar."

Shahida 'yar ƙanin Babanmu ce, tana tsugune tana tankaɗen gero. Ta ɗago ta ce, "Ni ce ba ni da abin ɓatawa, Mama? Na gode."

Wallahi niyyata in bi maganar Mama. Sai ga aike daga ɗakin Inna, kakata, matar Tsoho. Na same ta zaune a kan tabarmar takaba, carbi a hannu, ta rame kamar ba ita ba. Tun ranar rasuwar ba wanda ya ga haƙorinta. A gabanta an ninke babbar rigarsa shuɗiya ta saƙi, wadda yake sawa ran kasuwa, ga rawani, ga tabarau mai ɗaure da zare a kunne ɗaya, ga sanda, ga takalmansa faɗe.

Ta tura min su da ƙafa. "Ga su nan. Shi yac ce."

"Inna, Mama ta ce..."

"Ba uwarki nit tambaya ba. Shi yac ce."

Na ɗauki rigar. Ƙamshinsa na nan a wuyanta, goro da turaren ɗan goma da wani warin garke da wanki bai taɓa fitarwa ba. Ban san lokacin da na zura ta ba.

Tsakar gida cike take da mata. 'Yan'uwa daga Ƙwanni, daga Kalmalo, daga Lafani, an shimfiɗa tabarmi har bakin rijiya, ga ƙwaryar gumba an rufe da faifai. Inna ta matso bakin ƙofar ɗakinta. Na naɗa rawani na rufe baki, na ɗora tabarau. Nan take duniya ta zama hazo-hazo, don gilashin Tsoho kauri ne da shi kamar gindin kwalba. Ba na gane fuska, sai dai inuwa da launin kaya. Na gicciya sanda a bayan ƙugu, na yi gyaran murya irin nasa, mai fitowa daga can ƙasan ƙirji.

Gidan ya yi tsit. Sai wata gwaggo ta ce, "La ilaha illallahu, Alhaji ya dawo!"

Aka fashe.

Na taka a hankali, ina jan ƙafar hagu yadda yake yi. Na tsaya a kan randa na buɗe na leƙa, na ce, "To." Na je gaban turmi na shafa bakinsa na duba yatsa, na ce, "To." Mata suna faɗuwa kan juna. Na juya wajen Inna na daka mata tsawa, "Hadijatu! Hura ko sai na mutu?"

Inna ta yi dariya. Ta yi dariya har ta dafe ƙirji, tana cewa, "Ka mutu ɗin ai, ja'irin tsoho, ka bar ni da su." Daga nan dariyar ta juye kuka, kukan da ta kasa yi tun ranar da aka fita da shi. Gwaggonni suka riƙe ta suna cewa a bar ta ta yi, yanzu ne zai fita. Ni ma a cikin rawani hawaye nake, amma ban tsaya ba. Wallahi a lokacin ji nake kamar yana tsaye a bayana yana kallon ko na iya shi.

Akwai abin da Tsoho yake yi wa jikokinsa mata da matan jikoki in yana cikin nishaɗi: ya taya su kamar shanu a kara. Na shiga yi. Na taɓa Shahida da sanda na ce wannan ramammiya ce, a mayar da ita daji. Na taɓa wata na ce ta tsufa, ba mai saye sai mahauta. Ana ta ihu, ana jefo min 'yan sefa da naira a ƙafa.

Sai na ga inuwa uku sun shigo ta zaure, ta gaban mai jiki ce, cikin dogon hijabi ruwan toka. Na ɗauka Gwaggo Abu ce ta Darna, don ita ce mai irin wannan jikin, kuma ita ake jira. Na nufe ta ina jan ƙafa. Na zagaya ta sau ɗaya. Na sa sanda na ɗan bugi cinyarta.

"Wagga ta ci dussa ta ƙoshi. Wa ad da ita? A kai min ita kara, ba ni ragi!"

Ba wanda ya yi dariya.

Kun san irin shirun da ake ji har a fata? Shi. Na sa yatsa na sauke tabarau.

Hajiya Ruƙayyatu ce. A bayanta malamai mata biyu na Islamiyyarsu, ɗaya ta rufe baki da gefen hijabi.

Ta dube ni daga rawani har faɗe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Latifa ce?"

Na durƙusa a wurin, rigar ta baje a ƙasa, sandar ta faɗi ta yi ƙara. Mama ta fito daga madafa da gudu, hannu duk gari, tana "Hajiya, sannu da zuwa, ai mun ɗauka sai la'asar, bismillah, ga tabarma, Shahida kawo ruwa!"

"Karatun la'asar ne ba mai riƙe min, shi ya sa na ce bari in zo yanzu." Hajiya ta wuce ni kamar an ajiye turmi a hanya. Ta zauna gaban Inna ta yi ta'aziyya mai kyau, ta yi addu'a doguwa, kowa ya shafa. Aka miƙo mata gumba a faranti. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ba ta taɓa ba. Da ta miƙe, ta ce a hankali, ba tare da ta kalli kowa ba, "Mamaci dai addu'a yake buƙata. Allah Ya sa mu gane."

Suka fita.

Ban san yadda na kai ɗakin Mama ba. Na tuɓe rigar na jefar a kan gado kamar ita ce ta yi min laifi. Mama ta shigo ta turo ƙofa.

"Kin huta? Na ce kin huta? Uwar mijinki kika buga da sanda kika ce ta ci dussa! A gaban malamanta! Latifa, me na yi miki a duniya?"

"Mama, ban gane ta ba, tabarau ne..."

"Tabarau ne ya sa miki rigar? Gobe war haka duk Illela an ji, har Ƙwanni. In suka fasa, wa zai zo? Sai ki auri sandar."

Wayata ta yi ƙara a ƙarƙashin filo. Jabir.

"Latifa, me nake ji haka?"

Ba gimbiya, ba sallama.

"Hajiya ta dawo ba ta ce komai ba, ta shige ɗaki. Malama Ummu ce ta faɗa min. Ki ce min ƙarya ne."

Na fara rubutu ina gogewa. Wani saƙon ya sake shigowa.

"Na ɗauka kin wuce irin waɗannan abubuwan. Abbanmu ma ya ji. Ya ce a dakata da maganar sa rana."

Gidan cike da mutane, ba inda zan yi magana. Bayan la'asar na zagaya bayan ɗakuna, wajen turken awaki, na jingina da bango, na danna saƙon murya. Zan rubuta muku abin da na faɗa yadda na faɗe shi, ba zan gyara ba.

"Jabir, wallahi ba da son raina ba ne. Tilasta ni aka yi. Ka san Inna, tsohuwa ce, ba ta yi karatu ba, jahilcin ƙauye ta saba da shi. Shi ma marigayin haka yake, ba abin da ya sani sai shanu. Ni kaina kunyar abin nake ji. Don Allah ka ba Hajiya haƙuri, ka ce mata ni ba irinsu ba ce."

Na saki, ya tafi. Na share ido, na ɗago.

Tagar ɗakin Inna ce a saman kaina. A buɗe. Na ji ƙarar carbi, ƙwaya na bin ƙwaya, sai ya tsaya. Can ya ci gaba.

Na tsaya ina jira ta kira ni, ta zage ni, ta ce in fita mata daga gida. Ba ta kira ba. Da magariba na kai mata tuwo, ta ce, "Aje nan." Na ajiye. Na ce, "Inna, in kawo miki ruwa?" Ta ce, "Akwai." Rigar Tsoho kuwa tuni ta aika Shahida ta ɗauko, ban ga inda ta sa ta ba.

Washegari da hantsi Jabir ya turo. Ya ce ya sa wa Hajiya saƙona ta saurara, ta ɗan sauko. Amma Abba ya ce a gidan mutunci ba yarinya ce ke ba da haƙuri ba, sai babba ya yi magana, a san cewa gidan sun gane kuskure ne. Na kai wa Mama wayar ta karanta. Nan take ta jawo akwati tana neman mayafinta na fita, mai ruwan zuma.

"Ni zan je. In durƙusawa ce in durƙusa. Shahida, nemo min mai keke."

Daga ɗaki muka ji muryar Inna. "Na'ima."

Sunan Mama ke nan. Inna ba ta cika kiran sa ba. Mama ta je bakin ƙofa ta rusuna.

"Aje mayahin. Ba ke kinka ba ta rigar ba. Latifa, zaka da wayarki. Kira min matar."

"Inna, don Allah..."

"Kira ta."

Inna, ku sani, ko a gaban Tsoho ba ta iya ba da haƙuri ba. Ta taɓa yin shekara ba ta shiga gidan ƙaninta ba saboda ya ce mata ta yi kuskure a gaban baƙi. Na nemo lambar Hajiya, na sa a bayyane, na miƙa mata. Ba ta karɓa ba, ta ce in riƙe. Na durƙusa a gabanta da waya a tafin hannu.

Suka gaisa. Inna ta gyara zama, ta miƙe wuya.

"Hajiya, ina cikin takaba, da na zaka da ƙahwata. Abin da ya hwaru jiya, yarinya ba ta da laihi. Ni nit tilasta ta. Tsohuwa ta ni, ban yi karatu ba, jahilcin ƙauye nis saba da shi. Shi ma marigayin ba abin da yas sani sai shanu. Ita ba irinmu ba ta. Ki yi haƙuri, ki riƙe ta."

Ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya. Kalma bayan kalma ta jera su, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba.

Hajiya ta ce, "Haba Inna, haba, ai ya wuce. Allah Ya jiƙan Alhaji. Ku iyayenmu ne." Muryarta ta yi laushi sosai, ina jin ita ma ba ta so abin ya kai haka ba. Suka yi sallama.

Mama ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Allah Ya saka da alheri, Inna." Ita ba ta san daga ina kalmomin suka fito ba. Ni da Inna kaɗai muka sani.

Na kasa tashi. Na ce, "Inna, ki yafe min."

Ta ɗauki carbinta. "Mi kinka yi? Miji kika nema, ga shi kin samu. Tashi, kin tare min haske."

Na fito. Tsakar gida an naɗe tabarmi, baƙi sun fara tafiya, ragowar gumba ta bushe a ƙwarya ƙudaje na bi. Na zauna a bakin rijiya. Mutumin da ya ciyar da ni a akushinsa, ya goya ni a wuya ya kai ni kallon raƙuma, ya zaɓe ni a cikin jikoki fiye da yatsun hannu da ƙafa, kwanansa bakwai a ƙasa na sayar da shi a cikin saƙo ɗaya. Ba wanda ya sa min wuƙa. Ba wanda ma ya tambaye ni ra'ayina a kansa. Ni na kawo shi da kaina na ɗora a kan maganar, don ta yi nauyi.

Wayar ta yi ƙara. Jabir ne, kira wannan karon. Muryarsa har rawa take don murna.

"Gimbiya! Alhamdu lillahi, komai ya daidaita. Hajiya ta ce kakarki mutuniyar kirki ce. Abba ya ce ranar Juma'a bayan an sauko su Baffana za su zo a sa rana. Kin ga amfanin faɗar gaskiya ko? Ni saƙonki ne ma ya fi burge ni, da kika ce ke ba irinsu ba ce. Na ajiye shi, wallahi."

Na rufe ido.

"Latifa? Kina ji na?"

"Ina ji."

"To ki yi dariya mana."

"Jabir, ƙarya na yi maka."

"Wace ƙarya?"

"Ba wanda ya tilasta ni. Da hannuna na sa rigar, kuma na ji daɗin sa ta. Bugun Hajiya kuskure ne, zan je har gida in durƙusa mata a kansa. Amma ni irinsu ce. Ka koma ka faɗa wa Abba haka, yadda na faɗa maka. In ya ji ya ce su Baffa su zo, su zo. In bai ce ba, kar su zo."

Ina jin numfashinsa.

"Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

Sai inuwa ta faɗo a kaina. Na ɗago. Mama ce tsaye, da tiren shinkafar da take tsincewa. Ta ji komai. Ta ajiye tiren a bakin rijiya a hankali, ta miƙo min hannu.

"Ba ni wayar nan."

Na mayar da ita bayana.